Gida Marar Shaida

Duk wanda ya zauna a Kazaure a shekarun nan ya san hannun Mamuda, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne mai jan fenti na ofishin tsara gari. In ka ga jan gicciye a jikin katanga, ƙafarsa ta dama ta ɗan lanƙwashe kamar wutsiyar ƙadangare, ga kwanan wata a ƙasa an jera lambobinsa tsaf, to Mamuda ya bi ta nan. A ofis ma'anar alamar ɗaya ce: wannan gini ya hau inda bai kamata ba, kuma za a rushe shi. Mamuda ya ƙare ƙuruciyarsa yana faɗa wa mutane haka, ba a samu wanda ya yarda da shi ba, har matarsa.

A wani ƙauye ta bayan Roni aka haife shi. A firamare bai yi fice a lissafi ba, bai yi a Turanci ba, amma Allah ya ba shi hannu. Malaminsu ya ɗora masa aikin rubuta kwanan wata a saman allo kowace safiya. Matsalar ita ce rubutun ya iya, riƙe kwanan watan ne ya gagare shi. Sai ya tsaya da alli a hannu ya waiga ya tambayi 'yan aji, "Yau nawa ga wata?" A faɗa masa ana dariya, shi kuma ya rubuta shi da kyan da zai kashe bakin kowa. Wannan ɗabi'a ba ta bar shi ba har furfura.

Da ya tasa ya shigo Kazaure yana rubutu a bayan motoci da goshin shaguna. A nan Malam Muhammadu Lawal, safiyo mai awon filaye a ofishin tsara gari, ya ga allon wani mai shayi, ya tambayi wanda ya rubuta. Haka Mamuda ya shiga aikin gwamnati a matsayin lebura. Ya ja tef, ya ɗauki turaku, ya haƙa ramin siminti na iyakar fuloti, sannan aka miƙa masa gwangwani da buroshi.

Kafin wannan ya riga ya auri Dela, 'yar gidan makiyaya daga Gwiwa, mace mai tsawo da saurin magana. Ya sayi ɗan gefen gona a bayan duwatsu, inda a lokacin ba ka jin komai sai kukan zabi, ya yi ɗaki biyu da katanga. Gidansu ne na farko a wurin. Dela ta dasa darbejiya a ƙofar gida, ta ɗaure akuyarta a jiki tun itacen bai kai ƙugu ba. Daga baya mutane suka biyo: ma'aikatan da haya ta ishe su, 'yan hatsi daga Babura, masu neman inda za su yi ɗakunan ɗalibai. Masu gonaki suka lura cewa bulo ya fi gero riba, suka yi ta yanka da igiya suna sayarwa, kowa na barin lungun da zai ishi jaki ya wuce.

Ana nan sai aka zana wa garin tsari. A cikin tsarin akwai babban titi da zai zagaye gari ya haɗe da hanyar Babura, kuma ya ratsa ta tsakiyar sabuwar unguwar. Ranar da aka fito sa alama, Malam Muhammadu Lawal na gaba yana nuni da sanda, Mamuda na biye yana shafawa. Gida bayan gida, har sandar ta tsaya a kan katangar da ke bayan darbejiya.

"Na wa ne wannan?" in ji safiyo.

"Ranka ya daɗe, nawa ne."

Malam Muhammadu Lawal mutum ne mai tausayi. Ya dubi katangar, ya dubi yaronsa, ya sauke sandar. "Tsallake shi, Mamuda. Ni dai ban ga gida a nan ba."

Mamuda ya durƙusa har ƙasa ya yi godiya. Tun daga ranar bai taɓa sallar da bai sa mutumin nan a addu'a ba, da ransa da bayan ransa. A wurinsa maganar a fili take: wanda aka sa wa ja zai tashi, wanda ba a sa wa ba ya tsira.

Unguwa ta kwana biyu cikin zullumi. Wasu suka ciccire kwano da ƙyamare suka kai gidajen 'yan'uwa, suna jiran katafila. Damina ta zo ta wuce, katafila ba ta zo ba. Aka ce babu kuɗin mai. Aka ce sai bayan zaɓe. Aka yi zaɓe, aka ce sabbin sun ce sai sun duba abin da tsofaffin suka yi. Masu kwano suka dawo da kwanonsu, wasu ma suka ƙara ɗaki.

To su mutanen nan sun saba da rubutu a katanga. Masu ƙidaya sun zo sun rubuta, masu rigakafi suna zuwa da alli su rubuta, kuma duk rubutun nufinsa ɗaya, an san da ku. Don haka suka ɗauki jan Mamuda a matsayin babban yayan waɗancan, tunda shi ruwa ba ya wanke shi. Suka daina ce masa alama, suka koma ce masa shaida. Abin ya ƙara ƙarfi da masu wuta suka zo kafa turaku, suka bi layin gidajen masu ja, domin nan taswira ta nuna musu titi. Masu ja suka riga kowa ganin ƙwan lantarki. Sai kuma Alhaji Maikasuwa, wani dillalin hatsi daga Babura, ya zo sayen gida, ya tambaya ko gwamnati ta san da ginin. Mai gida ya kama hannunsa ya kai shi gaban gicciyen, ya nuna masa har da kwanan wata. Alhaji ya biya bai nemi ragi ba. Daga ranar gida mai shaida ya fi marar shaida daraja, kuma 'yan acaɓa suka raɗa wa wurin suna Jar Unguwa.

Mamuda ya shiga uku da masu roƙo. Waɗanda gidajensu ke nesa da layin titi, waɗanda babu abin da zai taɓa su, su ne ke tare shi a masallaci. Wani ya zo da goro, wani da zakara.

"Malam Mamuda, a taimaka a ɗan shafa mana. Ko ƙarama ce."

"Alhaji, alamar rushewa ce fa."

"Mun sani, mun sani. A dai taimaka."

Ba ya yi. Sai aka ce Mamuda marowaci ne, fentin gwamnati ma yana ƙyashinsa. Wasu suka sayi nasu fentin suka zana da kansu, amma ko yaro ya san bambanci, don babu wanda ya iya wutsiyar nan. Abu ɗaya ya yarda yana yi: in tsohuwar shaida ta koɗe, mai gida kuma zai aurar da 'ya ko Sallah ta matso, yakan bi sawunta ya sabunta ta, da kwanan watanta na asali. Ya ce wannan ba laifi ba ne, gargaɗi ne yake maimaitawa. Masu gida su yi masa godiya, su ba shi tuwon biki.

Wadda ta fi kowa shan wahalar wannan al'amari Dela ce. Gidanta ne kaɗai fari fat a tsakiyar layi. In baƙo ya tambayi hanya, sai a ce masa ya miƙe har gida marar shaida sannan ya yi dama. A gidan suna mata na yi mata jaje a fakaice. Ranar da aka zo neman auren 'yarsu Zaituna, wata gwaggon ango ta tsaya a ƙofa tana ƙare wa katangar kallo, ta tambaya ko haya suke yi. Dela ta haɗiye, amma da baƙi suka tafi ta same shi yana wanke buroshi da kananzir.

"Malam, ni fa abin nan ya ishe ni. Gari duk ka bi ka shafa, gidanka ne ka ga bai isa ba?"

"Dela, na faɗa miki ma'anarsa."

"Ka faɗa. Gida nawa aka rushe?"

"Ba a rushe ba tukuna."

"A gidanmu ko maraƙi aka haifa sai an yi masa shaida a kunne. Dabbar da ba ta da shaida in ta ɓace, da wane baki za ka ce taka ce?"

"Gida ba saniya ba ne. Ina zai je?"

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Wannan magana sun yi ta a damina, sun yi ta a rani, sun yi ta har ta zama kamar gaisuwa. Shi yana jin tausayinta da jahilci, ita tana jin tausayinsa da taurin kai, a haka suka tsufa tare cikin ƙauna. Gaskiya yana son gidan nan fiye da yadda yake nunawa. Kowane bulo ya san watan da ya saye shi. In ya dawo da yamma ya hango farar katangarsa a tsakanin jajaye, sai ya ji kamar shi kaɗai ne mai lafiya a layin asibiti.

Ya yi ritaya, ofis ya bar masa gwangwanin ƙarshe da buroshinsa. Malam Muhammadu Lawal ya rasu. Darbejiya ta yi girman da masu adaidaita sahu ke fakewa a inuwarta.

Sai ga shi bara an ce titi ya tashi, kuma a wannan karon har da katafila a kan tirela, an ajiye ta a bakin unguwa yara na hawa. Aka kafa kwamiti, aka ɗora wata jami'ar tsara gari mai suna Asma'u a kai. Sanarwar da aka yi ita ce duk gidan da ya riga tsarin titi za a ba mai shi wani fuloti a sabon awo ta hanyar Roni, da taimakon gini. Wanda kuwa ya yi gini bayan an fitar da tsarin, ya yi ne da gangan, ba shi da komai. Saura a gane wane ne wane. Takardun gonaki ba sa nuna ranar gini, kuma da aka gwada tambayar maƙwabta sai aka tarar kowa a shirye yake ya rantse wa kowa. Wani gidan da simintinsa bai gama bushewa ba, aka samu dattawa suka ce a ciki aka yi musu kaciya.

Aka aika a kira Mamuda. Ya sa babbar riga ya je ofis, aka ba shi kujera a ɗakin da bai taɓa zama a ciki ba. Asma'u ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Baba, an ce ku ne kuka sa alamun nan tun farko. Za ku iya bambance naku da na jabu?"

"Ranki ya daɗe, ko a duhu."

"To maganar shaidar baki fa? Me kuka gani?"

Daɗin kujerar ya ɗebe shi. Ya gyara zama ya ce, "Hajiya, ki bar batun baki. Mutanen nan na san su. Ki bi fenti kawai, duk gidan da yake nan ranar da muka bi layi na sa masa."

Aka rubuta haka, aka sa hannu, ya zama ƙa'ida. Ya koma gida yana ba Dela labarin kujera. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi, "To mu fa?" Ya ce ta kwantar da hankalinta, su ai ba sa cikin masu tashi, marigayi ya tsallake su. Har zuciyarsa haka ya ɗauka, cewa titin zai zo daidai darbejiya ya tuna da alkawarin marigayi ya kauce.

Ranar tantancewa unguwa duk ta fito. Mamuda na gaba a wannan karon, Asma'u da mutanenta na biye. Ya tsaya a gaban kowace katanga ya ce wannan tawa ce, wannan ba tawa ba ce. Waɗanda ya sabunta wa don biki, fentinsu na sheƙi, ya ce nasa ne, aka karɓa. Alhaji Maikasuwa ya rungume shi. Mutanen da suka shekara suna ce masa marowaci suka yi ta sa masa albarka, wani ya ce ai dama sun faɗa, shaida shaida ce. Mamuda ya buɗe baki zai ce alamar rushewa ce, sai ya hango katafila, ya hango kuma murnar da ke fuskarsu, ya rasa wanne zai gyara.

Suka iso darbejiya. Ya ɗaga ƙafa zai wuce, Asma'u ta tsaya tana duba na'urar da ke hannunta.

"Baba, wannan ma yana tsakiyar titi. Na wa ne?"

"Ranki ya daɗe, nawa ne. An tsallake shi."

"Wa ya tsallake shi?"

"Marigayi Malam Muhammadu Lawal. Ya ce bai ga gida a nan ba."

Asma'u ta sauke na'urar. Yarinya ce mai hankali, ta gane abin tun kafin shi ya gane. Ta sassauta murya. "Baba, in bai ga gida ba, ai ofis ma bai gani ba ke nan. Titin ba zai kauce ba. Ina shaidarku?"

Jama'a suka ɗauki hayaniya, kowa na cewa wannan ne gidan farko a unguwar, ga itace ma ya isa hujja. Asma'u ta ce ta yarda, har ga Allah ta yarda, amma an riga an rufe ƙofar shaidar baki, kuma ba ta faɗi wanda ya rufe ta ba. Ba sai ta faɗa ba. Mamuda ya dafa darbejiya. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba tun ranar sandar marigayi, ga kunya a kai, domin ya san Dela na bayan ƙyaure tana ji.

Ƙyauren ya buɗe. Dela ta fito da mayafinta, gwangwanin ritaya a hannu ɗaya, buroshi a ɗayan. Ta riga ta zuba kananzir ta dama. Ba ta dubi kowa ba sai jami'ar.

"'Yata, na ji an ce wadda ta koɗe aka sabunta ana karɓa."

"Ana karɓa, Inna, in Baba ya ce tasa ce."

"To tamu ta koɗe ƙwarai."

Babu wanda ya yi dariya. Asma'u ta dubi farar katangar da ba ta taɓa sanin ja ba, ta dubi tsohuwar. Sai ta ciro wayarta, wadda ba wanda ya ji ta yi ƙara, ta kara a kunne ta ce tana zuwa. Ta taka har bayan wata mota ta juya musu baya. Mutanenta su ma suka ga ya kamata su duba tayar motar. Maƙwabta kuwa kowa ya san shekarar da ke jikin tasa katangar, har wani ya fara raɗa ta don kada tsohon ya manta.

Dela ta miƙa masa buroshi. "Bismillah, Malam."

Ya karɓa. Ya tsoma shi a fenti ya matsa gaban katanga. Ya ja layin farko daga sama zuwa ƙasa, ya ja na biyu, ya lanƙwasa wutsiyar a hankali. Waɗanda suka gani sun ce bai taɓa yin mai kyanta ba. Ya ja da baya ya dube ta, ya sake tsoma buroshi, ya sunkuya inda lambobi ke zama. Sai ya waiga, kamar yadda ya waiga a gaban allo da gaban kowace katanga a garin nan, ya ɗaga murya ya ce, "Yau nawa ga wata?"

Har yau ana gardama a Jar Unguwa, ko abin da ya rage daga cikinta. Wasu sun ce sabo ne ya yi masa shigar sauri. Wasu sun ce yana sane, ya ga ba zai iya sa hannunsa a kan ranar da ba ita ba bayan ya gama ƙaryata na wasu da safen nan. Shi bai taɓa cewa komai ba. Abin da aka tabbatar shi ne tambayar ta kai har bayan mota, kuma wani mai adaidaita sahu da ya tsaya shan inuwa, wanda bai san abin da ake ciki ba, ya duba wayarsa ya amsa masa da ƙarfi, da rana da wata da shekara. Mamuda ya rubuta abin da aka faɗa masa, lambobin a jere tsaf.

Asma'u ta dawo ta tsaya a gaban ɗanyen fentin, ta ga kwanan watan ranar ne a ƙasa, ba na shekarun baya ba. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce za ta kai maganar sama, kuma ta kai, ana kan dubawa. Katafila ba ta jira a gama dubawa ba. Maƙwabta suna can sabon awo suna gini, Mamuda da Dela suna ɗaki ɗaya a gidan Zaituna, kuma in ka bi sabon titin, wajen da motoci suka fi gudu, nan darbejiya take a da.

Amma a ranar, bayan jama'a sun watse, Dela ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi buroshin daga hannunsa ta sa a kananzir kada ya bushe. Ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a waje, abin da ba ta saba ba, ta zauna tana fuskantar katangar. Mamuda ya tsaya a gefe ya kasa zama.

"Dela," ya ce, "ki yafe ni."

"Zauna, Malam, ka tare mini," in ji ta. "Shekara da shekaru ina roƙo. Bari in kalli abata kafin su zo."